Kyamarar Pak Wardoyo

Pak Wardoyo ya shekara talatin yana aski a birnin Semarang, mutum ne mai tsananin tsabta. Da bikin jikarsa ya matso, ya shiga kasuwa neman kyamarar bidiyo mai araha, mai fitar da hoto tar.

"Baba, wannan sabuwa ce dal, ko ba ka iya ba za ka iya," in ji mai shago.

A gida ya rataya ta a wuya ya kunna. Sai ga tsohon bidiyon mai shagon a ciki, ba riga, yana share majina da igiyar kyamarar.

"Tir! Ƙazamin banza!"

Sau uku ya wanke wuyansa da sabulu. Washegari ya mayar da ita shagon a leda, ya kunna wa masu ciniki suka kalla.