Masarar Bayan Ɗakin Surukata

Tafiyar nan ta ba ni wuya, har yau bayana bai saki ba. Kuma duk a kan masara.

Matata, Uwar Ladi, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Likita ya ce in ba ta ci ba, allura ba za ta riƙe ta ba. Na sayo mata dafaffiyar masara a tashar jirgin Kafanchan, ta shinshina ta kau da kai. Wai ta bayan ɗakin uwarta take so, can ƙauyensu gaba da Kwoi.

Mun tashi da asuba, ni da wani maƙwabcina mai sayen citta, a bayan akori-kura. Karen motar ya karɓi kuɗi da Naira, mu kuwa har yanzu da sule muke tunani, sai da aka yi gardama. Hanya duk laka, ruwan Agusta ya cinye ta. Dama da hagu gonakin citta ne a lulluɓe da ciyawa, ga masara ta yi goyo a bayan kowane gida. Na ce a raina, wannan duk ba masara ba ce?

Surukata ta ji labarin 'yarta, ta kawo min ruwa. Na ɗauki buhu zan shiga gona, ta hana.

"Baban Ladi, ba yau ba. Masara in ya kwana, zaƙi ya gudu. Gobe, in ka ji ƙahon mota."

Haka na kwana. Da safe ita ta zaɓa da hannunta, tana soka farce a ƙwaya, wadda ta fitar da ruwa fari kamar nono ita take karyawa. Na fara ɓare ɓawon don kaya su yi sauƙi, ta buge min hannu kamar yaro.

"Bar shi da riganshi!"

Ta nuna min dahuwar, don ban taɓa ɗora tukunya ba. Ta kuma ciro busasshiyar masara ɗaya daga saman murhu, baƙa da hayaƙi, ta cusa min a aljihu ba bayani.

A dawowa mota ta kafe a wani rafi. Muka tura har rana ta karkata. Yunwa ta kama mutane, aka hura wuta, duk idanu suka koma kan buhuna. Maƙwabcina ya ce, "Ko ka auri buhun ne?" Na hana, na hana, daga baya na ga in ba su ci ba motar ba za ta fita ba. Na ba su rabi suka gasa. Ni ban iya ci ba, rana nake kallo.

Mun shigo Kafanchan da yamma liƙis. Ban wanke ƙafa ba na shimfiɗa ɓawo a gindin tukunya, na jera masarar da rigarta ta ciki, ruwa kaɗan, na rufe da sauran ɓawon. Gishiri sai da na sauke. Matan zumuntar coci da suka zo gaisuwa suna ta dariyar namiji a murhu.

Uwar Ladi ta riƙe masara ɗaya da zafinta, ta daɗe tana shinshinawa. Ta ciza.

"Ta gaji a hanya," in ji ta. "Mama ce ta karya?"

Na ce ita ce. Ta yi kuka kaɗan, ta cinye har totuwa ta fito fes, ta miƙo hannu a ba ta wata.

Da ina ganin abinci abinci ne, ciki kawai yake nema. Yanzu na san mara lafiya yana tambayar hannun da ya taɓa shi.

Washegari na tarar da baƙar masarar nan a aljihuna. Mutane sun ce lokacin shuka ya wuce. Na ari fartanya, na zagaya bayan ɗakinmu.