Ajin da ya ƙi kashe uwa da baki

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, aka damƙa mini aji huɗu a wata makaranta bayan layin dogo a Kafanchan. Malamar gwaji ce ni. Hedimasta ya gaya mini ƙiri-ƙiri: in sufeto ya zo bai gamsu da ajina ba, wani ƙauye can gaba da Gwantu za a cilla ni. Ga mamana kwance a gida, ƙafa ta ƙi, ni ke dafa mata, ni ke juya ta. Ina zan je in bar ta?

Darasin makon shi ne korewa a Turanci. Ka ce kana da abu, ka juya ka ce ba ka da shi, ba tare da ka yar da ɗan "a" ɗin nan ko "any" a hanya ba, don yaranmu haɗiye su suke yi kamar ƙwayar magani. Misalan littafin kuwa uwa, uba, ƙane. Na rubuta a allo, na buga sanda a tebur.

"I have a mother!" Ajin ya ɗauka har kwanon rufi yana amsawa.

"I don't have a mother," na ce.

Tsit. Na maimaita, babu wanda ya motsa baki. Sai monita, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, ta miƙe.

"Malama, ba kyau. Mutum ba ya kashe mamansa da baki."

Kai! Na yi bayani har murya ta dushe, cewa misali ne kawai, Turanci bai taɓa binne kowa ba. Suka zuba mini ido. Na sauya zuwa akuya, wani daga baya ya ce ai suna da akuya, kuma fasto ya ce ƙarya zunubi ne. Raina ya ɓaci, kamar in haɗa kawunansu in gwara. Da ƙyar muka daidaita a kan giwa da jirgin sama, tunda babu mai su. Nan fa suka iya, "an elephant" na fita tiryan-tiryan.

Shi kuwa sufeto ina ruwansa da giwata? Ranar da ya zo, littafi ya buɗe, ya nuna monita, ya ba ta jimlar uwa ta juya. Na roƙe ta da ido, har kai na gyaɗa mata. Ta maida hannu baya, ta ce, "God forbid, sir."

Ya gwada wasu, haka. Ya dube ni sama da ƙasa, ya fita. Kafin wata ya ƙare aka tashe ni.

Ranar tafiya ina ɗaure kaya, ina nuna wa gwaggona yadda ake juya Mama, sai ga uwar monita da doya da citta a daro. Ta durƙusa, ta yi magana da irin Hausarsu ta nan.

"Na gode, Malama. Yarinya ya ce baƙo ya so ya sa shi ya kashe ni a gabanki, kin gyaɗa masa kai kada ya yarda."

Ni? Ni da na gyaɗa kai don ta faɗa! Sai Mama ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Karɓi mana, ki yi godiya. Da ke aka tsayar, da kin faɗa?"

Na karɓi daron, na yi godiya.