Jan Zaren Gwaggo Mabruka

Duk wanda ya tashi a lungunmu na Mandawari ya san Gwaggo Mabruka, ƙanwar mahaifina, ko don zoɓonta ko don bakinta. Zoɓon a farar leda take ɗura shi, ta ɗaure wuyan da jan zare, ƙullin da babu mai yin irinsa a garin nan. Bakin kuwa, sai dai Allah ya kyauta. Mace ce mai tsaftar tsiya. Ka taka mata tsakar gida da takalmin waje, za ta tuno maka har kakanka.

Ƙawarta ɗaya ce tak, Luba, matar wani mai lambu a bakin rafin Jakara, can bayan gari. Tun suna 'yan mata suke tare. Duk rani Luba kan kawo mata kwandon latas na yankan fari, Gwaggo ta mayar da kwandon cike da alkaki.

Bayan gidan Gwaggo akwai kududdufi, gadon mijinta. Nan duk ruwan wanki da wanke-wanken lungun yake gangarawa ya kwanta, dattin ya zauna ƙasa, kainuwa ta rufe samansa. Sai damina ta yi ƙarfi yake tumbatsa ya nufi Jakara.

Da rikicin Boko Haram ya tsananta, mutane suka yi ta shigowa daga Borno da Yobe da ƙunshin kaya a ka. Dangin mijin Gwaggo da suka gudo daga can suka cika gidanta har soro. Gwaggo ta rantse ba za ta zuba ido mata masu goyo suna kwana a soro ba. Ta sa aka yi shela kowa ya kawo shararsa ya juye a kududdufin, aka bi da ƙasa, aka tayar da ɗakuna. Ba ita kaɗai ba ce, kududdufai da yawa haka suka tafi a shekarun nan. Mun yaba mata, har gobe ina yabawa. Ruwan lungun kuwa aka haƙa masa kwata, ya riƙa wucewa Jakara kai tsaye da kumfar omo da baƙin man janareta da ledoji, babu inda zai tsaya.

Wani rani Luba ta kawo latas ranar sunan jikar Gwaggo, gida maƙil da mata. Gwaggo ta ɗaga ganye ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Luba, wannan a masai kuka shuka shi? Wallahi ku mutanen lambu ƙazantarku ta yi yawa. Fitar min da shi."

Ni da nake gefe ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Luba ta yi wa mai jego barka, ta ɗauki kwandonta ta fita, daga ranar kuma ta ɗauke ƙafa.

Gwaggo ta yi ta cika baki wai ko a jikinta, amma na sha ganin ta soya alkaki ta rasa inda za ta aika da shi. Ana nan labari ya zo cewa mijin Luba na kwance, ƙafafunsa sun yi gyambo saboda tsayuwa cikin ruwan lambu. Gwaggo ta ce in raka ta dubiya. Muka hau adaidaita, muka sha tsayuwa a shingen sojoji, da hantsi muka isa.

Luba muka tarar tana ban-ruwa a madadinsa. Ruwan baƙi ƙirin, warinsa har maƙogwaro. Da ta hango mu sai na ga ta duƙa da sauri tana tsintar wani abu tana cusawa cikin zaninta. Ta taho tana yi mana sannu da zuwa, hannu ɗaya dafe da ciki. Garin gaisawa guda ta faɗo, farar leda da jan zare a wuya. Gwaggo ta dubi ledar, ta ɗaga kai ta dubi lambun. Ga su nan birjik a gindin latas.

"Ba naki kaɗai ba ne, Mabruka," in ji Luba. "Na kowa ma yana zuwa. Naki ne dai nake ganewa."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka yi ɗakunan."

"Ranar sunan ma kin sani?"

Luba ta sunkuyar da kai, sai ka ce ita ce mai laifin.

Ban taɓa ganin bakin Gwaggo ya mutu ba sai ranar. Kunya ta rufe ta, ni ma ta rufe ni, don ruwan wankina ta kwatar nan yake bi. Matar da ko tsakar gidanta ba ta takawa sai da silifa, ta tuɓe takalmi ta shiga baƙin ruwan ta fara tsinta. Luba tana jan mayafinta tana cewa ta fito kada ƙafarta ta yi ciwo, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ɗakunan suna nan da mutane a ciki, ba ta da zuciyar rushe su, ruwan kuma yana ta tafiya abinsa. Zoɓon leda dai ta daina. Kwandon Luba ya ci gaba da zuwa duk rani, Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara kai shi hanci ba.