Tsohon da Yake Zuwa Ya Shaida Mana Bai Mutu Ba

Ko zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, ba zan taɓa manta daminar da aka tsayar da ni gaban tsofaffi aka ce in gaya musu lokacin da ake sa ran za su mutu ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ina karatun tattalin arziki a nan Injamena. Da dogon hutu ya zo aka ce kowa ya nemi inda zai koyi aiki, abin da muke kira sitaj. Na samu wani ƙaramin ofis da ke ba asusun fansho shawara kan inda za a juya kuɗin mutane kada su kwanta a banza. Na dinga yi wa matan gidanmu na unguwar Paris-Congo yanga, ina cewa ni yanzu ma'aikaciya ce. Ashe shayi zan riƙa dafawa, in kuma riƙa fifita wa kwamfuta da kwali idan ta yi zafi. Daraktanmu ɗan kudancin ƙasar nan ne, a Faransa ya yi karatu. Mutumin kirki ne, amma ko sama za ta faɗo ba ya kwance nakatayal ɗinsa, kuma komai na duniya sai ya zana shi a takarda kafin ya yarda da shi.

Wata rana aiki ya zo daga ƙungiyar tsofaffin mahauta na unguwar Farcha. Tun suna da ƙarfi suke zuba wani abu a asusu don tsufa, yanzu suna son a gaya musu yadda za su yi da shi. Yawancinsu Hausawa ne, darakta kuwa ba ya jin Hausa, Larabcinsa ma na sayen tumatir ne. Nan take aka tuna da ni. Daga mai shayi na zama tafinta.

Muka same su a ƙarƙashin wata rumfa, sun shimfiɗa tabarmi, kowa da carbinsa. Darakta ya manna wata ƙatuwar takarda a bango, mai layi da ya taso daga sama yana gangarowa ƙasa. Ya gyara murya ya ce da Faransanci, kafin a san inda za a sa kuɗi dole a san tsawon lokacin da za a yi ana biyan mutum, kuma wannan layin yana nuna shekarun da galibin masu irin wannan sana'a suke rasuwa. Sai ya juyo ya kalle ni.

A gidanmu ko ciwon kai tsoho yake yi ba a ambaton mutuwa a gabansa, ga ni yarinya ƙarama za a sa in raba wa sa'o'in kakana wa'adi. Na sunkuyar da kai na ce, "Iyayena, yana yi muku fatan Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana."

Duka suka ce amin. Har na fara sakin numfashi, sai wani tsoho siriri mai farin gemu ya ɗaga sandarsa daga baya. Ashe ya yi aiki da likitocin dabbobi na Turawa tun yana saurayi, Faransanci a kunnensa yake.

"'Yata, ba haka ya ce ba. Mutumin nan ya yi magana mai tsawon igiya, ke kin ba mu guntu. Faɗa musu abin da ya faɗa."

Ba yadda na iya, na faɗa. Wallahi ban taɓa jin rumfa ta kaure kamar ranar ba. Wani yana salati, wani yana tambaya da Larabci, "Da shunu?" wato mene ne wannan, wani kuma yana neman takalminsa zai tafi. Shi kuwa Baba mai sanda ya taso a hankali har gaban takardar, ya ce a nuna masa inda yake. Darakta ya tambayi shekarunsa, ya bi layin da yatsa, ya bi, ya bi, har yatsan ya wuce bakin takarda ya sauka a kan bangon laka.

Baba ya duƙa ya ƙare wa wurin kallo. "Wato ni na faɗo daga takardar?" Na ce kusan haka ne, Baba. Ya ce, "To duk tuwon da nake ci shekarun nan, rabon wa nake cinyewa?"

Aka fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Abin da ya dame shi ya fi layin. Shawarar darakta ita ce a zuba asusun gaba ɗaya a gidajen haya, kada kowa ya ciri kasonsa dunƙule sai bayan shekaru masu yawa, a riƙa ba su ɗan abin wata-wata kawai. Baba kuwa kasonsa yake so a hannu, don ya je aikin hajji. Darakta ya ce ba zai yiwu ba, riba tana ga mai dogon haƙuri.

Washegari ina hura gawayin shayi sai na ji ƙararrawar keke. Baba ne, tun daga Farcha, ƙafar wandonsa duk taɓo. Bai shigo ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "'Yata, ki gaya wa maigidanki yau ma ban mutu ba." Ya juya kekensa ya tafi.

Haka ya mayar da abin sana'a. Ko ruwa ake tsugawa sai ya zo, buhu a kansa. Wata rana ma baƙi ne daga banki a zaune, ya leƙo ya ba da sanarwarsa, ni kuma dole in fassara saboda sun tambaya. Darakta ya yi fushi, ya yi lallashi, har ya aika masa da bayanin cewa layin ba mutum ɗaya yake nufi ba. Baba ya ce shi dai an nuna shi a bango gaban jama'a, don haka yana kawo gyara ne. Tun darakta yana ɓuya idan ya ji ƙararrawa, har ya koma shi ke cewa in ajiye wa tsohon kofin shayi a bakin taga.

Ana gab da kammala rahoton da za mu ba ƙungiyar, wata safiya ba mu ji ƙararrawa ba. Shayin ya huce a taga. Darakta ya kasa zama, sai ya leƙa titi ya dawo yana cewa iska yake sha. Da azahar ta yi na ga abin da ban taɓa gani ba: ya kwance nakatayal, ya ɗauki makullin mota ya ce in taso.

Motar ta maƙale a taɓo kafin mu kai, muka ƙarasa a ƙafa, yana riƙe da takalmansa a hannu. Muka tarar da Baba kwance a zaure, zazzaɓin sauro ya kayar da shi. Ya buɗe ido ɗaya ya gan mu.

"Au, kun zo tabbatarwa ne? Ku koma, da saura."

Ni na yi dariya, amma hawaye ne suka fito. Ya sa muka zauna, wannan karon da Faransanci ya yi wa darakta magana, ba ya bukatar tafinta. Ya ce kakansa daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a garin nan ya ce bari ya huta damina ɗaya. A nan aka binne shi. Uban Baba kuma ya ce bari yara su girma tukuna, shi ma a nan aka binne shi. "Gidanmu babu wanda ya kai mu dogon haƙuri, darakta. Mun yi shi har ya ishe mu."

Da rahoton ya fita, akwai sabon sharaɗi a ciki: duk wanda shekarunsa suka ja, yana iya karɓar kasonsa idan ya so. Ƙungiya ta amince.

Bayan babbar sallar da ta biyo, na koma makaranta har na manta da ofis, sai aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Baba ne, ya rame, ya yi baƙi, da ɗan ƙullin dabino da ruwan zamzam. Ya washe baki in ga haƙorin Makka, ya ce, "Na biya ta wurin maigidanki. Na gaya masa yanzu kam ya mayar da ni cikin takardarsa duk inda ya ga dama."

Har yau aikin nan nake yi, ina kuma zana irin layin nan, don yana da amfaninsa. Amma tun daga kan Baba, ba na ce wa kowa ya jira nan gaba sai na fara tambayarsa abin da yake jira, da kuma tun yaushe ake jiransa a gidansu.