Mai Shara a Sashen Maganin Indiya

A iƙamar Mastura, wato katinta na izinin zama a Saudiyya, wurin da ake rubuta sana'a, an sa mata mai shara. Ba ƙarya aka yi mata ba, sharar take yi tun bakwai na safe har la'asar, a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Aziziyya a Jidda. Sai dai wanda ya rubuta bai taɓa ganinta ta shinshina mai a kan wuta ta faɗi saiwoyin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ba.

A unguwar Karantina aka haife ta, shekara hamsin da biyu ke nan. Kakanta ya taso da ƙafa daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Hutun nan ne jikokinsa suke yi har yau. Mastura ba ta taɓa taka Najeriya ba, ba ta da kowa a can, amma can za a kai ta duk ranar da iƙamar ta mutu ba a sabunta ba. Da wannan tsoro ta tashi, da shi take har gobe.

Tana 'yar shekara sha shida aka kai ta aikatau gidan Hakim Moidu, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, mai shagon maganin gargajiyar ƙasarsu a wani lungu na Balad. Da wanke-wanke ta fara. Wata rana mai yi masa daka bai zo ba, aka miƙa mata taɓarya, Hakim ya lura yarinyar ba a faɗa mata awo sau biyu. Shekara ashirin da shida ta yi a bayan shagon nan. Ta koyi dafa mai da saiwa har kumfa ta kwanta, ta koyi ƙulla ganye a tsumma a gasa baya da shi, ta san gwiwar da ke son zafi da wadda zafi zai ƙara wa ciwo. Da guntun Larabci da nuni ya koya mata, da faɗa kuma, don tsohon masifaffe ne. Ita ta goyi 'yarsa Sajida, har yarinyar ta fara cewa "ruwa" kafin ta iya faɗarsa da yaren uwarta.

Da idon Hakim ya raunana ya koma gida, can ya rasu. Sajida ta yi karatun maganin ubanta a jami'a, ta dawo Jidda da takardu masu hatimi, ta zama Daktura. Asibitin da ya ɗauke ta irin na yayi ne: a ƙasa likitocin awon jini da hoto da tiyata, a sama sashen Indiya na shafa mai da gashi da jiƙe-jiƙe, marar lafiya ɗaya, fayil ɗaya. Wato an ɗaura wa maganin Bature da na Indiya aure. A bikin nan kowa ya samu kujera ban da wadda ta fi sanin girkin, don ita ba ta da takarda.

Daktura ce ta nema mata aikin sharar, mai asibitin, Thamer, ya zama kafilinta, wato ubangidan da iƙamarta ke hannunsa. Ranar farko ya gaya mata magana ɗaya: kada hannunta ya taɓa marar lafiya, kada ta ba kowa ko ganye ɗaya, in masu bincike suka kama haka shi tara ce, ita jirgi zuwa Najeriya. Ta ce ta ji. Tana goge baranda takan ji warin man da 'yammatan sashen suka ƙona, masu takarda ke nan, sai ta yi tari kawai ta wuce da bokitinta.

Amma kowa ya san inda Mastura take kwana. Da aka rushe Karantina jama'a suka watse, wasu gabas wasu kudu, ciwon baya da na gwiwa dai suka bi su. Ranar Juma'a da yamma mata kan zo ɗakin da take haya, ta duba, ta daka, ta ƙulla. Cikinsu har da Inna Latifatu, aminiyar mahaifiyarta, wadda ta yi wa uwar wankan gawa da hannunta. Gwiwar Inna ta cinye. Mastura ta haɗa mata garin Hakim na kurkur da citta da tafarnuwa da hulba da wani ƙaro na Indiya, cokali safe cokali yamma, aka shekara ana sha.

To mutanen Karantina suna da wata ɗabi'a da rashin takarda ya koya musu. In mai biro ya tambaye ka, amsa ita ce babu. Ba a faɗa wa likita maganin gida, kada a jawo wa mai bayarwa. Ba a kuma faɗa wa mai maganin gida na asibiti, kada ta ce an raina hannunta. Kara ce ta ɓangare biyu, kuma mutane da yawa sun rufa wa juna asiri da ita.

Ranar wata Litinin aka kira Mastura ofishin Daktura ta yi tafinta. Inna ce a zaune da 'yarta Manal, wadda Hausarta ta ji ce ba ta faɗa ba, Inna kuma tun da kunnenta ya yi nauyi ba ta jin Larabcin likitoci. Za a yi mata aikin gwiwa ranar Alhamis a ƙasa, in ta farfaɗo a hau da ita sama a ci gaba da gashi.

"Khala Mastura, gaya mata ƙwayar zuciyarta, mai tsinka jini, likitan ƙasa ya faɗi ranar da za ta tsayar," in ji Daktura tana duban fayil; Khala take ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci. "Tambaye ta, ban da wannan tana shan wani abu? Ganye, gari, jiƙo, komai."

Sai a lokacin Mastura ta san Inna na shan maganin tsinka jini. Ta kalli hannun tsohuwar ta ga tabo baƙi-baƙi kamar an matse ta, alhali ba wanda ya taɓa ta. Hakim ya sha faɗa da ƙarfi cewa wannan gari ba ya haɗuwa da irin wannan ƙwaya, kuma mai shansa ba a sa masa wuƙa sai ya yi mako biyu da bari. Ta yi tambayar da Hausa.

Inna ta dube ta ido cikin ido, da fuskar mai yin alheri. "Babu, 'yar nan."

Mastura ta juya ta ce da Daktura babu. Aka rubuta.

Washegari bayan tashi daga aiki ta hau tasi zuwa gidan Inna. Ta durƙusa ta yi bayani, ta ce a bar garin yau, kuma dole a gaya wa likita a ɗaga aikin.

"Na bari in dai don wannan ne," in ji Inna. "Kwana biyu ai ya fita."

"Ba ya fita, Inna. Ki ce musu a kasuwa kika saya."

"Su ce wane shago? Me ke ciki? Ni na sani? Daga nan sai sunanki. Uwarki ta bar mini ke amana, ba da bakina za a sa ki a jirgi ba. Halas, magana ta ƙare, rai na Allah ne."

Duk Laraba Mastura ta goge baranda ɗaya har sau huɗu. Ta raya a ranta watakila ba abin da zai faru, mutane nawa aka yanka suka tashi. Ta kuma raya Inna a kan gadon tiyata jini ya ƙi tsayawa, likitoci na neman dalili, dalilin yana waje riƙe da tsintsiya. In ta yi shiru iƙamarta lafiya lau. In ta yi magana, da bakinta ta shaida ta yi abin da aka ce jirgi ne hukuncinsa. Ta ji haushin Inna, ta ji haushin Hakim da ya koya mata abin da ba ta da izinin sani, ta fi jin haushin kanta. Ana kiran la'asar ta jingine tsintsiya ta ƙwanƙwasa ƙofar Daktura.

Ta lissafa kayan haɗin garin da Inna ke sha da awonsu. Ba ta kai ƙarshe ba Daktura ta ajiye biro, don haɗin ubanta ne, kuma mutum ɗaya ya rage a Jidda da ya san shi.

"Khala, kin san sai na rubuta. Likitan tiyata ba zai ɗaga aiki ba dalili ba."

"Rubuta, Daktura."

Daktura ta rubuta kayan haɗin, ta bar wurin sunan mai bayarwa fari. Dabarar ba ta yi amfani ba. Thamer ya tambayi yadda aka yi tsohuwar da ta ce babu ranar Litinin ta zama mai cikakken lissafi ranar Laraba, kuma mutum nawa ne a ɗakin. Ya kira Mastura, bai ɗaga murya ba, har ruwa ya sa aka kawo mata. Ya ce ba zai kai magana gaba ba, albarkacin Daktura. Ya tura mata takarda wadda a ciki ta amsa laifinta, ta kuma yi alkawarin ba za ta ƙara haɗa wa kowa komai ba, a asibiti ko a gida. Ta dangwala yatsa. Ya sa takardar a aljihun tebur ya kulle. Da ta tambayi sabunta iƙamarta, saura wata huɗu, ya ce, "In sha Allah, ya Hajja, za mu gani."

Bayan mako uku aka yi wa Inna aiki, ta tashi lafiya, tana takawa da sanda. Ta aiko Manal ta ce ta yafe, amma ba ta ce Mastura ta zo ba. Labari ya zaga cewa Mastura ta zama mai kai magana wurin masu biro. Juma'a ta zo ta wuce ba wadda ta taka ƙofarta, kuma da sun zo ma ba ta da abin ba su.

Kwanan baya tana goge ɗakin jira na sama, wata tsohuwa baƙuwa, da alama sabuwar zuwa ce daga gida, ta ji ta yi sallama da Hausa, fuskarta ta washe. Ta janye zane ta nuna gwiwa a kumbure tana sheƙi.

"Ɗiyata, zo ki taɓa ki ji zafin nan. Gashi suka ce za a yi mini."

Daga inda take tsaye Mastura ta ga irin gwiwar ce da zafi ke ƙara wa ciwo. Ta ɗaga kai ta dubi kyamarar da ke kusurwa, ta ƙara damƙe sandar gogewa da hannu biyu.

"Ni mai shara ce, Inna," ta ce. "Likita na zuwa."