Wendell Mai Aski da Kujerar da Ya Raina

Wendell Tackett ƙanina ne, shi ne autanmu, kuma har yau da furfura ta cinye masa gemu Auta nake kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana aski a wani ɗan shago da ke kallon kogi a Pomeroy. Gajere ne, ga tsurku, ga hannu mai laushi. Tsofaffin garin nan barci suke yi a kujerarsa yana musu gyaran fuska.

Abu ɗaya ne ya hana shi zama cikakken mai hankali, shi ne babur ɗin tsere. Tun yana shekara goma sha tara yake hawan irin waɗanda mutum ke kwanciya rub da ciki a kan tanki, ƙafafu a naɗe ta baya, duk nauyin jiki a kan wuyan hannu. Ni kuwa kurusa nake hawa, irin ta Babanmu, mai faɗin sirdi, wadda za ka zauna daram ka miƙe ƙafa gaba. Duk Lahadi in an tashi daga coci mukan fita mu bakwai ko takwas mu zaga tsaunuka, kuma duk Lahadi sai Auta ya tsokane ni.

"Yaya Noreen, yau ma da kushin ɗin falo kika fito? Ina talabijin ɗin?"

"Wuce, ɗan kwaɗo," in ce masa. "Ka jira mu a gidan abinci."

Kuma can muke samunsa, ya riga ya shanye kofi biyu yana karkaɗa ƙafa.

Akwai wata ƴar ƙararrawa da mu masu kurusa muke ɗaurawa a ƙasan babur, dab da kwalta. Wai tana korar fitinun hanya. Ni ban ce na yarda ba, amma ban taɓa fita babu ita ba. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ka saya wa kanka, ba ka roƙa, sai dai wani mai ƙaunarka ya ba ka. Shekara ashirin da suka wuce na saya wa Auta ɗaya. Ya jujjuya ta a hannu ya miƙo mini, wai in rataya wa magena. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, na jefa ta cikin aljihun tebur ban sake tayar da maganar ba.

Da ya kai hamsin da bakwai sai yatsunsa suka fara mutuwa. Da farko ran Litinin kawai, almakashi ya suɓuce masa sau ɗaya ko biyu, ya ce sanyi ne. Sai wata Lahadi muka gangaro mararrabar da ke bayan tsohuwar makaranta, inda dole kowa ya tsaya. Yana gabana. Ina kallo ya wuce fuu bai tsaya ba, ta gaban wata motar katako, direban na danna oda kamar zai tsaga kunne. Da na iske shi a gefen hanya yana zaune a ciyawa, ya zuba wa hannunsa na dama ido.

"Na matsa birki, Yaya. Wallahi na matsa. Ban ji komai a hannuna ba."

Likita bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce jijiyar wuyan hannu ce ta gaji da ɗaukar nauyinsa, ko dai ya sami babur ɗin da zai zauna a miƙe, ko ya haƙura da babur gaba ɗaya.

To, mutum mai girman kai ko tuba zai yi sai ya yi shi da girman kai. Ranar Asabar ya ce in raka shi wurin dillalan babura a Parkersburg, ya zaga ya zaga, ya tsaya a kan kurusar da ta fi kowace girma a shagon. Baƙa ƙirin, sai sheƙi take, nauyinta ya kai na bijimi. Na ce, "Auta, ƙafarka ma da ƙyar take taɓa ƙasa." Ya ce in dai kushin zai hau, ai gara ya hau babba. Aka ba shi ya gwada, ni ina biye da shi a tawa.

Tun daga ƙofar fita na fara dariya. Yana tashi ya ɗaga ƙafafu baya yana neman matakin da ya saba da shi, babu komai a wurin, sai shure-shure yake a iska. Da ƙyar ya tuna cewa gaba ake miƙa su. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Mun yi kamar mil shida muka zo wata kwana mai kaifi, Auta ya shige ta yadda ya saba shekara kusan arba'in, da gudu, ya kwantar da babur. Babur ɗin tsere yana kwanciya har gwiwa ta kusa shafar kwalta, kurusa kuwa ba ta yi nisa ba farantin ɗora ƙafa yake taɓa ƙasa. Na ji ƙarar ƙarfe ƙiiii, na ga tartsatsi, babur ya miƙe da kansa ya nufi gonar waken soya da shi.

Allah ya taimaka ƙasar da laushi. Bai karye ko'ina ba. Amma da ya tashi ya kama babur ɗin zai ɗaga, ko motsi bai yi ba. Ya sake gwadawa, fuskarsa ta yi jawur. Sai da mai gonar ya zo muka haɗu mu uku muka ɗaga shi, muka mayar wa dillalan. A hanyar komawa gida, da muka hau gada, sai Auta ya ce:

"Shi ke nan, Yaya. Na gama."

Ya sayar da jan babur ɗinsa na tsere a satin. Duk bazarar nan, in muka wuce ta gaban shagonsa ran Lahadi, sai in gan shi da tsintsiya yana share ƙofar da babu datti. Ya ɗaga mana hannu, ba tsokana, ba komai. Gidan abincin ma ya daina yi mini daɗi. Wanda ya yi shekara da shekaru yana cin fuskata, ga shi na wayi gari ina kewar a kira babur ɗina kushin.

Matarsa Charlene ce ta kira ni a ƙarshen watan Agusta. Matar nan ta yi shekara talatin tana addu'a ya bar babur.

"Yaya, ki zo ki ɗauki ƙaninki. Jiya ya wanke garejin sau biyu. Yau kuma ya ce zai yi wa karen maƙwabta aski."

Na je na ce ya shiga mota. Ya ce ina za mu, na ce ba a tambayar babba. Asabar uku muka yi muna yawon neman babur, kuma wannan karon yadda Baba ya koya mini muka bi. In mun je wurin babur, ba na barinsa ya tsaya kallon fenti. Sai ya hau, ya rufe ido, ya sauke hannuwa a cinya, ya huta. Sannan ya ɗaga su a hankali zuwa inda suke so su tsaya da kansu, ya buɗe ido. In kan babur yana nan cikin tafinsa, to. In sai ya miƙa ko ya sunkuya, mu yi gaba. Na farko hannunsa ya kama iska. Na biyu sai da ya ɗage kafaɗa. Na uku ya yi daidai a hannu, amma da kan yatsu yake tsaye.

"Wannan wasan yara ne," in ji shi.

"Kai da kake ɗaga kujera kana saukewa don kowane kai ya zo daidai hannunka? Rufe ido, malam."

Na huɗun a rumbun wani dattijo muka same shi, Orville Skaggs, wanda gwiwa ta hana shi hawa. Matsakaiciyar kurusa ce, launin ƙasa-ƙasa, ba kyan gani ko kaɗan, matakin ƙafarta a ƙarƙashin gwiwa, ba can gaba ba. Auta ya yatsine fuska ya hau. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu, sai ga yatsunsa sun sauka a kan birki da kuloci kamar an gwada. Tafin ƙafarsa biyu a shimfiɗe a ƙasa. Ya daɗe bai buɗe idon ba.

Ban bar shi haka ba. Na roƙi Orville muka kwantar da babur ɗin a ciyawa, na ce Auta ya ɗaga shi kaɗai. Ya juya masa baya, ya durƙusa, ya tura da ƙafafu, babur ya tashi. Orville ya tafa hannu.

Da aka gama ciniki, dattijon ya durƙusa da ƙyar ya kwance ƙararrawarsa ya sa a aljihu, don ba a sayar da ita tare da babur. Na ga Auta yana kallon gurbin da ta bari. Ya kalle ni, ya kau da kai. Ba a roƙa, kuma ya san abin da ya taɓa faɗa mini. Ni ma na yi kamar ban gani ba, don shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce.

Ran Lahadi a harabar coci, kowa na sa hular kwano, na durƙusa gefen babur ɗinsa na ɗaura ƙararrawar nan da ya taɓa mayar mini. Duk ta yi duhu don daɗewa a aljihun tebur.

"Magen ta mutu," na ce masa. "Saura kai."

Ya ja hanci ya sauke gilashin hularsa.

Mil ɗari da arba'in muka yi a ranar. Ina bayansa, ina ta fargaba a kowace kwana. Amma na ga fitilar birkinsa tana kamawa tun kafin ya shiga, ya bi a hankali, ba ƙarar ƙarfe, ba tartsatsi. A mararrabar bayan makaranta ya tsaya cak, ya sauke ƙafa biyu.

Tare muka isa gidan abinci, karo na farko a rayuwarmu. Aka kawo wake da burodin masara. Auta ya zare safar hannunsa ta dama a hankali, ya buɗe yatsun ya rufe. Sai ya miƙo hannu ta kan tebur, ya lalubi gashina, ya kama sili ɗaya tak tsakanin babban yatsa da manuni ya fizge.

"Kai! Ba ka da hankali ne?"

Ya riƙe farin gashin yana murza shi, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ina jin sa, Yaya," ya ce. "Sili ɗaya, kuma ina jin sa."