Ranar da Haƙoran Baffa Suka Hau Jirgi

Ko zan manta komai a duniya, ba na jin zan manta ranar da muka je nema wa ƙanena aure a Sabon Gari. Yanzu 'ya'yansa har sun shiga makaranta, amma da na ga bas da kaya ɗaure a samanta sai in kama dariya ni kaɗai a titi.

Ƙanen nan nawa injiniya ne. Da ya gama karatu sai ya tare a ɗakin zauren gidanmu na Samaru yana haɗa ƙaramin jirgi mara matuƙi, wai zai riƙa kai wa mutane saƙo. Jirgin yana tashi lafiya lau, amma kafin ya kai Kwangila, da ke kan hanyar Sabon Gari, batirinsa ya galabaita. Ba dabarar da bai gwada ba don jirgin ya sha caji a hanya. Ya ɗora masa farantin sola, nauyi ya hana shi ɗagawa. Ya ce zai koya masa sauka kan wayar lantarki kamar tsuntsu, na tuna masa cewa wayar layinmu ta fi dacewa da shanya, don an daɗe rabonta da wuta. Daga ƙarshe ya shirya da wani direban bas mai jigilar Samaru zuwa Sabon Gari. Aka kafa farantin caji a saman motar, aka ja waya zuwa batirinta. Jirgin zai sauka a kai, ya sha caji motar tana tafiya, in ya ƙoshi ya tashi ya ƙarasa.

Mahaifin yarinyar kuwa, wani kafinta mai taurin kai, ya riga ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wasa da jirgin yara ba. Shi ya sa muka dogara ga Baffa, wan mahaifinmu, tsohon malamin makaranta da Allah ya ba iya magana. Ango ba ya zuwa irin wannan zama, don haka ƙanena ya tsaya a gida, ni da Gwaggo muka raka Baffa da kayan gaisuwa.

Muna sauka a ƙofar gidan Baffa ya laluba aljihu, ya sake lalubawa, sannan ya ja ni gefe ya rufe baki da hannu. "Na baro su kan tebur," in ji shi. Haƙoransa na roba yake nufi. Suna cin masa dasashi, don haka sai zai yi magana a taro yake sa su. Ya kuma rantse ba zai buɗe baki haka a gaban surukai ba.

Na kira ƙanena na ce ya ba ɗan acaba ya kawo. Ya ce, "Yaya, ai wannan ce damar. Motar direban nan tana hanya yanzu. Bari surukina ya gani da idonsa." Kafin in gama masa faɗa ya kashe wayar. Ashe har ya sa haƙoran a kwali, ya naɗe da ragowar takarda mai ƙyalli da muka naɗe kayan gaisuwa, ya ɗora wa jirgin ya tashe shi.

A falo aka gaisa, aka sake gaisawa. Gwaggo ta ja gaisuwar nan har sai da ta tambayi lafiyar kajin gidan. Baffa sai gyaɗa kai yake. Mahaifin yarinyar shi ma ya tsuke baki, ko uffan bai ce ba, ni kuwa na ce a raina mutumin nan ya riga ya yanke hukunci.

Wayata ta yi ƙara, na fita tsakar gida. "Yaya, jirgin ya sha caji, amma ya ƙi tashi." Wai kwandasta ne ya ji abu ya dira a saman mota. Ba wanda ya gaya masa komai, da direba kaɗai aka yi shiri. Shi kuwa a aikinsa ba a barin kaya a sama ba ɗauri, sai ya hau ya tamke jirgin da roba tamau. Ban gama haɗiye wannan ba aka sake kira. "Yaya, motar ta juya." A Kwangila fasinja suka ragu, direba ya yi abin da suka saba: ya juye sauran a wata motar, ya kamo hanyar Samaru. Na jingina da bango na yi hawaye, don tausayin ƙanena ya kama ni sosai. Yana son yarinyar nan kamar ransa.

Da ƙyar ƙanena ya samu direban a waya, aka tsaya aka kwance. Can sai muka ji ƙugi a sama. Jirgin ya sauko tsakar gidan yana jan guntun roba kamar jela, kowa ya fito kallo. Kafin in kai hannu mahaifin yarinyar ya ɗauki kwalin, ganin takardar ya zaci cikon kayan gaisuwa ne. Ya buɗe a gaban kowa. Ga haƙoran Baffa suna masa murmushi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya miƙa hannu a hankali, kansa a sunkuye. Mutumin ya juya haƙoran, ya duba su ciki da waje da idon kafinta, sannan ya sa yatsa a baki ya zaro nasa. "Malam, wane likita ya yi maka waɗannan? Nawa rawa suke yi, shi ya sa tun ɗazu nake tsoron buɗe baki."

Dattawan nan biyu suka yi dariya har da riƙe ciki, ba haƙori ko ɗaya a tsakaninsu. Da aka koma falo Baffa ya sa haƙoransa, ya shirya zai fara jawabi, mai gidan ya ɗaga hannu. "Bar shi, Malam. Yaron da ya aiko wa baffansa haƙori ta sama ba zai bar 'yata da yunwa ba. Na ba shi."

Tun ranar na koyi cewa duk dabarar da za ka yi, kada ka tsaya ga direba, ka sanar da mai ɗaure kaya. Kuma in na ga dattijo ya tsuke baki a taro, na daina saurin cewa fushi yake yi.